Malam Maman Barka, malamin lakol da ya ɗauko biram daga bakin tafkin Cadi

Ranar 21 ga watan Nuwamba na shekarar 2018 Allah ya yi wa Malam Maman Barka rasuwa a birnin Yamai. Mutanen Nijar da na arewacin Najeriya sun san shi da gurmi da zaƙin murya. Masu sha'awar kiɗe-kiɗen duniya a ƙasashen Turai kuwa sun san shi da wani abin kiɗa mai siffar kwalekwale, wanda ake kira biram. Amma akwai wani aikinsa da bai yi ƙara kamar waɗannan ba, watau aikin koyarwa da na bincike, kuma shi ne ya fi cancanta a tsaya a duba. Dalili kuwa shi ne, a farkon ƙarnin nan biram ya kai bakin kabari: gwani guda ɗaya aka sani da ya rage yana kaɗa shi, tsufa kuma ya cim masa. Ɗan jihar Damagaram ne ya niƙi gari ya je ya durƙusa gaban wannan dattijo ya karɓi ilimin kafin ƙasa ta rufe shi.

Daga Tasker zuwa allo da alli

An haifi Maman Barka wajen shekarar 1959 a Tasker, can arewa da Gure, inda ƙasar noma take ƙarewa, ƙasar kiwo ta fara. Iyayensa Tubawa ne makiyaya. A wancan zamani yaron makiyayi da ya shiga lakol abin nunawa da yatsa ne, domin iyaye suna ganin boko yana raba su da masu bin raƙuma da awaki. Shi ya shiga, ya yi karatu, har ya zama malamin lakol, abin da jama'a suke kira mushe. Wannan aiki ne mai albashi da mutunci, wanda a ƙauye ake sa mai shi kusa da mai gari da liman.

Kiɗa kuwa matsayinsa daban yake. A ƙasar Damagaram, kamar sauran ƙasar Hausa, sana'a ce ta gado. Tun zamanin Sarki Tanimu, cikin ƙarni na 19, fadar Damagaram take da makaɗanta, masu tambura da masu kakaki da masu algaita, kuma har yanzu su suke shiga gaban sarki ranar hawan salla. A wannan fada ne marigayi Mu'azu Ɗan Alalo ya yi sunan da ya ƙetare iyaka. Manoma da mahauta da maƙera da ƴan kokowa, kowane rukuni da irin nasa kiɗan. Duk da haka jama'a sun saba haɗa kiɗa da roƙo. Ana kiran makaɗi ranar biki, a yi masa kari, amma kaɗan ne suke so ɗansu da ya yi karatu ya ɗauki wannan hanya. Su kansu makaɗan, da yawansu in ɗansu ya samu takardar lakol sai su gode wa Allah da ya raba shi da ganga. Ta haka ne gidajen kiɗa na gado suke rufewa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kowa ya yi shela ba.

Malam Maman Barka ya riƙe alli da hannu guda, ya riƙe gurmi da ɗayan. Gurmi ƙaramin abin kiɗa ne: ɓarin duma da aka rufe da fata, da sanda, da tsarkiya 2. Zamanin kuma ya taimaka, domin mulkin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ya farfaɗo da samariya, aka buɗe wasannin matasa na ƙasa a Damagaram cikin 1976, aka kuma kafa gasar kiɗa mai sunan Ɗan Gurmu a Tawa cikin 1987. Samari ƴan boko suka samu filin da za su yi waƙa da harsunan iyayensu a gaban manyan ƙasa. Muryar Sahel ta yaɗa waƙoƙin Malam Maman Barka, kasetocinsa suka shiga kasuwanni da tashoshin mota, daga Damagaram da Maraɗi har Kano. Yana waƙa da Hausa da Tubanci da Barbarci, shi ya sa gabashin ƙasa duka yake jin cewa nasa ne.

Cibiyar Alhaji Taya

A shekarar 1989 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa da bunƙasa shi a Yamai, aka sa mata sunan marigayi Alhaji Taya. Cibiyar tana koyar da kayan kiɗa na zamani da na gargajiya, tana kuma da ɗakin da aka tara kayan kiɗan ƙabilun Nijar domin masu bincike da masu ziyara. Cikin waɗanda suka yi mata hidima akwai Dokta Mahaman Garba, wanda ya yi babban digirinsa a Faransa kan kiɗan Hausawan Nijar. A nan ne Malam Maman Barka ya haɗa sana'o'insa biyu wuri guda, ya zama malamin kiɗa.

Wanda ya zauna cikin irin wannan ɗaki yakan gane wani abu da mai wucewa ba ya lura da shi. Abin kiɗa da aka rataye a bango, an rubuta sunansa a ƙasa, gawa ce mai kyan likkafani. Itacen yana nan, fatar tana nan, amma yadda ake ɗaure tsarkiya, da yadda ake daidaita amonta, da waƙar da ake yi da ita, da lokacin da ya halatta a kaɗa ta, duk waɗannan suna cikin kan mutum ne. In mutumin ya tafi, sun tafi. Tun cikin shekarun 1960 masu bincike na Turai irin su Tolia Nikiprowetzky suka zaga Nijar da rakoda, suka ɗauki muryoyin makaɗa, suka rubuta bayanin kayan kiɗa. Aikinsu yana da amfani ƙwarai, amma faifai ba ya kama yatsan yaro ya ɗora masa a kan tsarkiya.

Mutanen tafki da biram ɗinsu

Buduma mutane ne masu zama a tsibirai da gaɓar tafkin Cadi, a yankin da Nijar da Cadi da Najeriya da Kamaru suka haɗu. Su da kansu Yedina suke kiran kansu. Masunta ne kuma makiyaya. Su ne masu shanun kuri, farare masu manyan ƙahoni kumburarru, waɗanda suke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. Da can kwalekwalensu na ƙyauron ruwa ne da ake ɗaurewa dami dami. Masana harsuna sun nuna cewa harshensu da Hausa dangi ne, tushensu ɗaya, ko da yake Bahaushe ba zai ji maganar Buduma ba sai ya koya. Dokar da aka yi cikin 2001 ta lissafa Budumanci cikin harsuna 10 na ƙasar Nijar.

Biram shi ne abin kiɗansu na alfarma. Ana sassaƙa gangar jikinsa da itace, doguwa kamar jirgin masunci, a rufe ta da fata. Daga gefe guda wuya yake tashi a tanƙware kamar baka, tsarkiya 5 kuma suna saukowa daga wuyan zuwa jikin. Bambancinsa da gurmi da molo da garaya a nan yake: su waɗannan ana danna tsarkiya a kan sanda domin a sauya amo, shi kuwa biram kowace tsarkiya da amonta, sai dai a taɓa ta da yatsa. Danginsa suna nan a Cadi da Afirka ta Tsakiya da Uganda, an kuma ga hotunan irinsu a bangayen kaburburan Masar ta dā. Buduma sun danganta biram da iskokin tafki, saboda haka ba kowa ne yake taɓa shi ba, sai wanda gwani ya yarda da shi ya sanar da shi ladubbansa. Waƙoƙin da ake yi da shi suna ɗauke da labarin kakanni da na ruwa da na dabbobi.

Wannan tsari ya kare biram tsawon zamani, amma da duniya ta juya sai ya zama masa tarko. A shekarar 1963 faɗin tafkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka janye ruwa, ɓangaren arewa, watau wanda yake wajen Nijar, ya ƙafe shekara da shekaru, garin Gigmi da jirage suke tsayawa a bakinsa ya wayi gari nesa da ruwa. Masunta suka bi kifi zuwa kudu, iyalai suka watse, samari suka shiga garuruwa inda rediyo da kaset suka maye gurbin hirar dare. Ga kuma malaman addini da ba su kallon kiɗan da aka haɗa da iskoki da idon rahama. Ilimin da ake ba mutum ɗaya a asirce, in magaji ya ƙi zuwa, shi ke nan.

Malami ya koma ɗalibi

A shekarar 2002 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba Malam Maman Barka tallafin karatu domin ya je ya koyi biram. Lokacin ya haura shekara 40, sunansa ya riga ya cika ƙasa. Daga Yamai zuwa bakin tafki tafiya ce ta fiye da kilomita 1,300, a bi ta Dosso da Maraɗi da Damagaram da Gure da Difa. Can ya sami Bukar Tar, dattijon da aka sani shi ne gwani na ƙarshe.

Mai karatun da ya shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemunsa ya san nauyin wannan abu. Babba ya zauna a tabarma yana maimaita abin da ake faɗa masa, ya yi kuskure a gyara masa, wannan sai mai haƙuri. Shi kuwa Malam Maman Barka abin ya ninka, domin shi Batube ne, ɗan ƙasar rairayi, ya zo neman asirin mutanen ruwa. Sai da ya koyi riƙon abin kiɗan da ya saɓa wa gurmin da hannunsa ya saba da shi, ya haddace waƙoƙi da harshen Buduma, ya kiyaye ladubban da suke tattare da su. Bukar Tar ya yarda da shi, ya koya masa, daga ƙarshe ya damƙa masa biram ɗinsa. Bayan ƴan shekaru dattijon ya rasu. Da an yi jinkiri kaɗan, da yau sai dai a nuna wa yara hoton biram a littafi.

Ya kamata a yaba wa Bukar Tar kamar yadda ake yaba wa ɗalibinsa. Al'ada ta ba shi damar ya ce ba zai ba baƙo abin kakanninsa ba. Ya auna tsakanin ya mutu da shi da ya ba wanda ya zo nema, ya zaɓi na biyu.

Biram ya ga duniya

Da ya komo Yamai, Malam Maman Barka ya haɗa kai da Umaru Adamu, gwanin kalangu da ƙwarya da sauran ganguna. Su biyu suka fitar da biram daga tsibiri zuwa dandali. A 2005 sun kai shi bikin kiɗan sahara a ƙasar Maroko. A 2008 sun hau dandalin WOMAD a Ingila, ɗaya daga manyan bukukuwan kiɗan duniya. A 2009 kamfanin World Music Network na Landan ya fitar da faifansu, wanda ya sa aka ji amon biram a gidajen rediyon ƙasashe da dama.

Amma tafiyar da ta fi dacewa da sunansa na malam ita ce wadda ya yi a cikin gida. Shi da Umaru Adamu da wasu mawaƙa biyu na ƙungiyar Etran Finatawa, ɗaya Buzu ɗaya Bafilace, sun zaga lakol-lakol na Nijar suna nuna wa ƴan makaranta kayan kiɗan gargajiya, suna kaɗa musu, suna tattaunawa da su kan abin da ake shirin yin hasara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa tsohon mushe ya fi kowa saninsa.

Darasin akordiyon

Abin da ya faru ga biram ya faru ga wasu kayan kiɗa a wasu ƙasashe, kuma labarin akordiyon ya isa misali. Akordiyon akwatin kiɗa ne da ake rungumewa a ƙirji. Yana da zugazugi a tsakiya kamar na maƙeri: in an ja an matsa, iska ta bi ta kan ƙananan harsunan ƙarfe, su yi amo, yatsu kuma suna danna maɓallai a gefe biyu. Wani maƙeri mai suna Cyrill Demian ne ya yi rajistarsa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya cikin 1829. Ya bazu da sauri wurin talakawa, leburori da matuƙan jirgin ruwa da masu gidajen rawa na unguwannin Paris. Saboda haka manyan makarantun kiɗa na Turai suka raina shi, suka ɗauke shi abin biki da mashaya, suka rufe masa ƙofa fiye da shekara 100.

Waɗanda suka buɗe ƙofar mutane ne irin Malam Maman Barka, masu haɗa kiɗa da koyarwa. Mogens Ellegaard, mutumin Danmak, wanda aka haifa a 1935 ya rasu a 1995, ya lura cewa muddin babu kiɗan da manyan mawallafa suka rubuta musamman domin akordiyon, ba za a girmama shi ba. Sai ya riƙa bin su yana roƙonsu su rubuta. A 1958 Ole Schmidt ya rubuta masa kiɗan da akordiyon yake jagorantar babbar ƙungiyar makaɗa. A 1970 Ellegaard ya kafa sashen akordiyon a babbar makarantar kiɗa ta Kopenhagen, a 1977 aka naɗa shi farfesa. A Rasha kuma Friedrich Lips, haifaffen 1948, ya koyar a makarantar Gnesin ta Mosko, ya rubuta littafi kan dabarun kaɗa akordiyon irin na ƙasarsu. Babbar makarantar kiɗa ta Paris ba ta buɗe ajin akordiyon ba sai a 2002, shekara 173 bayan rajistarsa, kuma shekarar da ɗan Tasker ya kama hanyar tafkin Cadi.

Abin lura a nan shi ne, Ellegaard ya rasu amma akordiyon bai girgiza ba, domin ya bar aji mai kujeru da albashin malami, da jarrabawa, da littattafai, da ɗalibai waɗanda su ma suka zama malamai. Gwaninta ta mutum ɗaya ta koma dukiyar makaranta. Kusa da gida ma an ga haka. Imzad, gogen matan Buzaye, ya kusa ɓacewa, sai wata ƙungiya da aka kafa a Aljeriya cikin 2003 ta tara tsofaffin gwanaye a Tamanrasat suna koya wa ƴan mata. A 2013 UNESCO ta sa imzad cikin jerin al'adun da duniya ta gada, da sunan Aljeriya da Mali da Nijar.

Abin da ya rage

Ƙasar biram ba ta samu sauƙi ba bayan tafiyar 2002. A watan Fabrairu na 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. Ranar 25 ga Afrilu suka faɗa wa tsibirin Karamga, daga nan mahukunta suka umurci mazauna tsibirai su fita, mutum wajen 25,000 suka bar gidajensu cikin ƴan kwanaki. Wanda yake neman inda zai kwana da abin da zai ba ƴaƴansa ba ya zancen tsarkiya. Bayan shekara 3 kuma wanda ya karɓi amanar Bukar Tar shi ma ya koma ga Mahaliccinsa. An ceci biram sau ɗaya da ƙoƙarin mutum ɗaya. Abin tsoro shi ne a bar shi, shi da sauran irinsa, rataye da numfashin mutum ɗaya karo na biyu.

Nijar ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan kare al'adun da ba a taɓawa da hannu, ta sa mata hannu a 2007. Sa hannu alkawari ne, cika shi kuwa yana wuyan ma'aikatan al'adu da na ilimi, da magadan gari, da sarakuna. Abin da ake bukata bai fi ƙarfin ƙasa ba. A ɗauki tsofaffin gwanaye a matsayin malamai masu albashi a cibiyar Alhaji Taya da gidajen matasa na jihohi, ko da ba su da takardar lakol, domin takardarsu tana yatsunsu. A ba kowane gwani ɗalibai fiye da ɗaya. A koyar da sassaƙa da ɗaurin kayan kiɗan tare da kaɗa su. Jami'ar Damagaram tana ɗauke da sunan Farfesa André Salifou, wanda ya rubuta tarihin sarautar Damagaram ta ƙarni na 19 a 1971, ya kuma dogara ƙwarai da abin da ya ji daga bakin dattawa. Ya dace ɗalibanta su yi wa kiɗan jihar irin hidimar da ya yi wa tarihinta.

Waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci su ma suna da rabonsu na aiki, kuma babu wanda zai yi shi kamarsu. A Zermu da Mirriya, a Magarya da Matamai, a Tanut da Gure, da wuya a rasa tsohon da shi kaɗai ya rage da wani take na noma, ko kirarin maƙera, ko waƙar daɓe da ta niƙa. Mai bincike daga Yamai ba zai san da shi ba, maƙwabcinsa ne ya san shi. Littafin rubutu guda da alƙalami sun isa a rubuta sunansa, da sunan wanda ya koya masa, da sunan abin kiɗansa da sassansa, da lokacin da ake kaɗa shi. Wayar salula da take aljihu ta isa a ɗauki muryarsa, da izininsa. In kuma aka ga yaro yana raɓar tsohon yana son koyo, kada a kore shi da gorin roƙo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya jiƙan Bukar Tar da Malam Maman Barka, ya mai da mutanen tafki gidajensu lafiya, ya ba ƙasa damana mai albarka.